Gadon da ɗan Adam ke samu daga uwa kaɗai

Da zarar an ambaci DNA, abin da ke zuwa wa jama'a a rai shi ne gwajin tabbatar da uban yaro ko gano mai laifi. To amma a ina ne takamaimai wannan sinadari yake zaune a jikin mutum da na dabba?

Akasarinsa yana cikin cibiyar ƙwayar halitta, wadda masana ke kira nukiliyas. A nan ne wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Friedrich Miescher, ya fara gano shi a shekara ta 1869, a birnin Tübingen na Jamus, yayin da yake nazarin mugunyar da ke jikin bandejin majinyata. A jikin ɗan Adam, DNA na naɗe ne cikin ƙunshi 46 da ake kira kromosom, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ɗan'uwansa RNA kuwa a cibiyar ake haɗa shi, sannan ya fita zuwa ga ribosom, wato ƙananan sassan da ke ƙera furotin.

Sai dai a shekara ta 1963, a birnin Stockholm na Suwidin, masu bincike Margit da Sylvan Nass suka hango DNA a wajen cibiyar, cikin mitokondiriya, sashen da ke mayar da abinci ya zama kuzari. Ɗan ƙarami ne ainun, ƙwayoyin gado 37 kacal yake ɗauke da su, alhali na cibiya sun kai kimanin 20,000. Kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa, domin na maniyyi kan lalace bayan ya haɗu da ƙwai.

Idan wannan ɗan gado ya samu tawaya, ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka ne suka fi jin jiki, har wasu jariran ba sa daɗewa a duniya. Wannan ne ya sa majalisar dokokin Birtaniya ta amince a 2015 a riƙa ɗauko DNA na cibiya na uwa da uba, a dasa shi cikin ƙwan wata mace mai lafiyayyen mitokondiriya. A watan Yulin 2025 likitoci a birnin Newcastle suka ba da sanarwar haihuwar jarirai 8 ta wannan hanya.

Jaridu na kiransu “'ya'ya masu iyaye uku”, abin da ke da ɗan ƙarin gishiri, tun da kason mace ta biyun bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma ga masu ɗaukar nasaba da muhimmanci, batun ba abin rainawa ba ne, domin idan jaririyar mace ce, wannan kason ne ita ma za ta gadar wa 'ya'yanta.