FITSARIN KARE A LAMBU: ƁARNARSA DA MAGANINTA



Damina ta janye, hunturu na tafe, lokacin renon iri ya yi. Bara war haka na ziyarci wani ɗan ƙungiyarmu mai lambu a bayan ganuwar Zariya, wajen Ƙofar Jatau, na tarar ransa a ɓace. Irin albasar da ya yafa ya fito da kyau, amma ga tabo nan da can kamar faifai, ya bushe sai ka ce an zuba tafasasshen ruwa. Ya kashe kuɗi a kan maganin feshi a banza, har ya fara zargin maƙwabcinsa da hassada. Da muka duba sai ga sawun kare a kan fangali, ga kuma kafa a gindin danga. Ashe fitsari ne. Shi ne kuma ke ɓata ciyawar ƙiri-ƙiri da mu ke shukawa a gaban majami'a da filin makaranta.

Yadda za a gane shi

Tsakiyar tabon ya kan bushe, amma gefensa ya yi kore shar, ya fi sauran tsawo. Ka ja busasshen tsiron a hankali. In saiwa ta riƙe ƙasa, ƙuna ce. In ya tuge ba wuya, sai ka nemi gara ko tsutsa a ƙarƙashi.

Me ya sa ya ke ƙuna?

A cikin fitsari akwai gishiri, akwai kuma wani sinadari da a ke kira yuriya. Shi ne dai farin takin zamanin nan da mu ke saye a buhu. A cikin fitsari aka fara gano shi, sa'an nan a 1828 wani Bajamushe mai suna Wöhler ya haɗa shi a ɗakin bincike. Lambar 46 da ke jikin buhu tana nufin kilo 50 na ɗauke da kilo 23 na naitirojin, watau abincin da ke sa ganye kore. Kun san malaman gona na Samaru sun sha yi mana gargaɗi kada mu zuba yuriya a jikin gindin masara, gama za ta ƙone ta. To, haka fitsari ya ke. In ya taru wuri ɗaya ya kan zuƙe ruwan saiwa, kamar yadda gishiri ke fitar da ruwa daga nama. A gefe kuwa, inda ya tsarma, sai ya zama taki. Karya da kwikwiyo sun fi ɓarna domin tsugunawa su ke yi su juye duka wuri guda. Da damina ruwan sama na wankewa, da rani ne abin ya fi muni.

Abin yi

1. Gyara danga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka toshe gindinta da ƙaya, ka sa ƙyaure.
2. In ka ga ya yi, ko ka ga alama da safe, maza ka kwarara ruwa bokiti guda a wurin.
3. Inda ya riga ya mutu, ka cire busasshen, ka yi ban-ruwa sosai kwana biyu ko uku, ka ƙara sabuwar ƙasa, ka sake yafawa. Ƙiri-ƙiri ya kan yaɗo ya rufe tabo da kansa.
4. In karenka ne, ka saba masa da kusurwa guda mai yashi, ka kuma ajiye masa ruwan sha kullum.

Abin da ba za a yi ba

Kada ka ba kare kanwa ko gishiri wai don fitsarinsa ya yi sanyi, cutar da shi kawai za ka yi. Kada ka sa guba, gama kaji da yara ma suna shiga lambu. In na maƙwabci ne, ka je da sallama ku yi magana. Fangali guda bai kai zaman lafiya daraja ba. Kashin kare kuwa a binne shi nesa, kada ya shiga ramin taki, domin yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ke kama mutane.

Wani amfani

Fitsarin awaki da na shanu taki ne da mu ke bari ya salwanta. Ka shimfiɗa ƙaiƙayi ko buntun shinkafa a turke ya tsotse shi, ka kwashe zuwa ramin taki ya ruɓe. Kada ka gauraya da toka, gama tana korar ƙarfinsa ya bi iska.

Shugabannin ƙungiya, a karanta wannan a taro na gaba, a sa ranar gayyar gyaran danga kafin a yafa iri. Ɗan'uwanmu ya gyara tasa, ya kuma nemi gafarar maƙwabcinsa. Allah ya sa albarka a lambunanmu. Amin.