Matakala Guda Tsakanin Gurgu da Tarihin Kakanninsa

Mutumin Kauru, in Allah ya hore masa lafiya da ɗan guzuri, kuma sha'awar ganin alamun mutanen da suka shuɗe ta motsa masa, ba ya rasa inda zai dosa. In ya bi ta Pambeguwa ya nufi arewa, ga birnin Zariya da ragowar ganuwarta, da ƙofofinta irin su Doka da Kuyambana da Gayan, da fadar Sarkin Zazzau, da dutsen Kufena yana hangen birnin. In kuwa ya juya kudu, ga Kafanchan, wadda tun 1927 ta zama mahaɗar layin dogo, ga ruwan Matsirga yana zubowa daga tsaunin da ya kai kusan mita 30, ga duwatsun Kagoro, ga kuma ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, wanda sunansa ya game duniya saboda mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Duk waɗannan a buɗe suke ga mai ƙafa biyu. Amma ɗan'uwansa da shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana goye, ko direban da haɗari ya taɓa wa laka, ko dattijuwar da gwiwa ta ƙi ɗaukarta, su sai dai su ji labari a bakin wanda ya dawo, alhali kuwa Hausawa da kansu suka ce gani ya kori ji.

La'alla wani ya ce: mutumin da ke fama da abin sa wa a baka, ina ruwansa da yawon buɗe ido? Wannan zance, ko da yake ya yi kama da tausayi, ƙasƙanci ne a lulluɓe, domin yana nufin ba mu san gurgu da wata buƙata ba sai ta ciki. Umurnin da Alƙur'ani ya yi na tafiya a bayan ƙasa don ɗaukar ibra daga al'ummomin da suka gabata bai ware kowa ba. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi, kuma da Ummu Salama ta kai kukan rashin lafiya, bai ce ta zauna a masauki ba, sai ya umurce ta da ta yi nata ɗawafin a kan abin hawa ta bayan mutane. A kan wannan asali ne alhazanmu suke ganin tsofaffi da marasa ƙarfi ana tura su a keke a Harami har su cika ibadarsu. In wurin da ya fi ko'ina alfarma ya karɓi taya, wane gini ne a ƙasarmu zai ce ya fi ƙarfinta?

Wanda zai gyara abu wajibi ne ya fara sanin inda ɓarnar take, don haka ya kamata mai karatu ya lura cewa keken guragu iri biyu ne. Akwai mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa a Kano da Jos. Shi jarumi ne a kan titi, yana cin doguwar tafiya, amma tsawonsa ba ya barinsa ya juya a cikin zaure, kuma ba ya naɗewa balle ya shiga bayan ƙaramar mota. Akwai kuma na asibiti mai naɗewa, wanda ke shiga ɗaki lami lafiya, amma ƙananan tayoyinsa na gaba da sun taɓa yashi ko tsakuwa sai su kafe. To, ginin gargajiya namu, wanda magina suka tsara da hikima don ya kare ruwan damina ya kuma suturta iyali, ya zo da abubuwan da ke tare su duka biyun: dokin ƙofa mai tudu, ƙofa 'yar siririya, zaure mai kwana, lungu mai kwata a tsakiya. Sabon gini na siminti kuwa, maimakon ya rage, sai ya ƙara da jerin matakala da tayil mai santsi. Idan aka iso nan, abin da aka saba shi ne samari su ɗauki mutum cak kamar buhun masara. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma a tambayi magidanci mai iyali, ko matar aure, yadda hakan yake a zuciya.

Maganin kuwa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ƙa'idar da magina suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, kowane inci 1 na tudu yana buƙatar gangare mai tsawon inci 12, watau dakali mai tsayin ƙafa guda yana son gangaren ƙafa 12, da ƙarfen riƙewa a gefe. Abin da ya fi haka miƙewa tarko ne, ba taimako ba. Ƙofa ta kai faɗin ƙafa 3, hanya ta zama daɓaɓɓiya, a rufe bakin kwata, a kuma tanadi ban-ɗaki mai faɗi, domin rashinsa kaɗai ya isa ya hana mutum fita daga gida. Inda ake gudun taɓa tsohon gini, gangaren katako da ake ajiyewa a ɗauke ya wadatar. Inda kuwa halitta ce ta yi tsaurin, kamar kwazazzabon Matsirga ko hawan Kufena, ba wanda ya ce a baje dutse. Abin nema shi ne mota ta iya kaiwa kusa, a daɓe wani fili mai shinge inda mai keke zai zauna ya more wa idonsa. Haka nan ranar hawan Salla a Zariya, ko bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, keɓe wuri a sahun gaba ba ya cin ko kwabo, amma in babu shi, wanda ke zaune ba abin da zai gani sai bayan rigunan jama'a. Su ma Girkawa, da tsohon haikalinsu na Akropolis da ke bisa dutse a birnin Atina, sun kafa masa na'urar ɗaga mutane tun 2004, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Ba kuma alfarma ake roƙo ba, hakki ne da doka ta tabbatar. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu a 2010, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci gidajen tarihi da wuraren yawon buɗe ido ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024. Ga kuma wata dama da ta zo ta hanyar jarrabawa: babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan su. Duk inda ake sabon gini ko gyaran tsoho irin wannan, sa gangare tun daga tushe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga fasa siminti daga baya.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani; kafin a zuba buhun siminti ɗaya, a gayyato su da kekunansu su bi hanyar tun daga tasha har zuwa ƙofar fada, duk inda taya ta tsaya a sa alama. Malaman makarantu kuma, in za a kai ɗalibai Nok ko Zariya, kada a ce wa yaro mai keke ya zauna ya jira abokansa.

Saboda haka muna kira ga sarakuna da hakimai, da shugabannin ƙananan hukumomi daga Kauru har Jama'a, da limamai da fastoci, da attajiran da ke neman sadaka mai gudana: kowa ya dubi ƙofar da ke hannunsa. Kai kuma mai karatu, gobe in ka taka matakala ba tare da ka ko lura da ita ba, ka tuna da wanda ta mayar gida, ka kuma tuna cewa lafiya aro ce, kuma wanda bai gamu da haɗari ba, in ya yi tsawon rai, tsufa na nan tafe. Allah ya sa mu gyara tun muna da ƙafar tsayawa.