Kafin 'yan gwangwan su ɗauki tsohuwar kwamfutarka

Madatsar ruwan Kainji, wadda aka kammala a 1968, ita ta tara tafkin da ya shimfiɗu daga jihar Neja har bakin Wara da Yelwa. Sai dai duk mai shagon buga takardu a Yawuri ya san maƙwabtaka da tushen lantarki ba ta hana a ɗauke wuta. A kawo, a ɗauke, a tayar da janareto, can kuma ta dawo da ƙarfi. Haka kwamfutar tebur ke sha har ranar da za a danna maɓalli ta yi shiru. Sai a ce ta ƙone, a tura ta lungu ta sha ƙura, wata rana 'yan gwangwan su zo a auna ta da kilo.

A mafi yawan lokuta abin da ya ƙone akwatin rarraba wuta ne ko babban allon da komai ke manne a kansa. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana nan da ransa. Kuma me ke cikinsa? Hotunan fasfo na ɗaliban Shanga da suka zo cike fom ɗin JAMB, lambobin NIN, takardun filaye, wasiƙun neman aiki, lissafin ƙungiyar masunta daga Ngaski. Mai shago yana ganin ƙarfe ya sayar, alhali asirin mutanen da suka amince masa ne ya ɗora a sikeli.

Ba a nan aka fara ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa abin da suka samu bayan sun sayi tsofaffin faifai 158: lambobin katin banki fiye da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane. A 2005 kuma ƙungiyar Basel Action Network ta bi kwamfutocin tokumbo da ake saukewa a Legas, ta tarar da takardun ofisoshin ƙasashen waje kwance a cikinsu. Goge fayil ba ya kawar da shi; sunansa kawai ake cirewa daga jeri, rubutun na nan sai an rubuta wani a kansa.

Cire faifan kuwa aikin sukudireba ɗaya ne. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga soket gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fice. A kwance noti biyu na baya, a zame murfin gefe. Kafin hannu ya shiga ciki, a taɓa ƙarfen jikin akwatin. Da hunturu musamman, lokacin da iska ta bushe har bargo ke tartsatsi da dare, jikin mutum na tara wutar da ta isa ta kashe ƙananan sassan na'ura ba tare da shi ya ji komai ba.

Faifan ɗan akwati ne mai nauyi, na inci 3.5, yawanci a ƙasa ta wajen gaba. Wayoyi biyu ke shigarsa. Idan irin SATA ne, wanda ya shigo kasuwa a 2003, za ka ga siririyar wayar bayanai da wata mai ɗan faɗi ta wuta. Idan tsohon IDE ne, kuma har yanzu ana cin karo da su a ofisoshi, wayar bayanansa falle ce mai faɗi da ke hawa kan allurai 40. A kama kan filogin a ja kai tsaye, kada a finciko wayar, domin bakin SATA roba ce mai saurin karyewa. Daga nan a kwance noti huɗun da ke riƙe da shi, ko a matsa ƴan hannuwan roba idan irin Dell da HP na ofis ne, a zaro shi a hankali.

Wannan a hankalin da dalilinsa. A ciki akwai fayafayai masu juyi sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu mai karatu kamar allurar garmaho, sai dai shi ba ya taɓa faifan, a kan iska yake shawagi, tazarar da ƙwayar ƙura ta ninka ta nesa ba kusa ba. Faɗuwa ɗaya daga tebur na iya gamawa da shi. Shi ya sa duk mai gyaran da ya ce bari ya buɗe murfin faifan a shago ya duba, karɓe kayanka. A naɗe shi a ledar da ba ta tara wuta, a nisanta shi da maganaɗisun lasifika da danshin bakin ruwa. Da ƴar wayar da ke haɗa SATA da USB, irin mai nata wayar wuta daban, ana iya jona shi a laftof a kwashe komai, in dai ba a kulle shi da BitLocker ba, wanda sai da mabuɗinsa.

Idan an kwashe, saura shawara. Mai son sake amfani da shi ya rubuce shi kaf da manhajar gogewa. Wanda zai jefar, ya huda shi da dirila wuri uku ko huɗu har ta ratsa fayafayan. A ganina wannan ya wuce ladabi, domin dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a wuyan wanda ya karɓe su. Kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin kwamfutocin da za a yar a makarantu da sakatariyoyi ƙaruwa za su yi, hakanan tokumbon da ke biyo hanyar Legas da Kano. Wanda ya sayi irin wannan ma ya goge faifan kafin ya fara aiki a kai.