Mabuɗai Bakwai na Hamburg: Faifan Helloween da Masu Yi Masa Kallon Hadarin Kaji

A shekarar 1988 ƙungiyar makaɗa ta Helloween, wadda aka kafa a birnin Hamburg na Jamus ta Yamma a 1984, ta fitar da faifanta mai suna Keeper of the Seven Keys Part II, wato kashi na biyu na labarin mai tsaron mabuɗai bakwai, kuma shi da yayansa na 1987 ake ɗauka a matsayin harsashin salon kiɗan da ake kira power metal. Salon reshe ne na heavy metal, kiɗan nan mai kaurin amo da ake yi da jita mai aiki da lantarki, wanda irin su Black Sabbath suka assasa a Ingila wajen 1970. Abin da ya bambanta reshen da uwarsa kuwa shi ne gudu, da zaƙin kari, da amshi mai sauƙin kamawa wanda dubban mutane kan rera da murya ɗaya.

Duk mai son gane darajar faifan, ya isa ya kasa kunne ga waƙar Eagle Fly Free. Makaɗin ganga Ingo Schwichtenberg yana dukan manyan ganguna biyu da ƙafafunsa babu ƙaƙƙautawa, har amon ya zama kamar sukuwar dawaki, yayin da jitocin Kai Hansen da Michael Weikath suke gudu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba tare da wani ya taka sawun ɗan'uwansa ba. A kan wannan guguwa ne muryar Michael Kiske, wanda ya shiga ƙungiyar yana ɗan shekara 18, take tashi garau, ta kai ƙololuwa ta daɗe a can babu rawa babu gargada. Irin wannan aiki ba ya samuwa sai da horo mai tsanani, kuma sauƙin da kunne yake ji shi ne babbar shaidar wahalar da aka sha.

Masu suka, waɗanda da yawansu masoya sauran rassan kiɗan ne, suna cewa salon ya cika zaƙi, labaransa na dodanni da takubba kuma shirmen yara ne, har sukan yi masa laƙabin kiɗan furanni domin izgili. Gaskiya ne cewa an sami 'yan kwaikwayo da suka ɗauki sulke suka bar jarumtar, amma laifin wani ba ya shafar wani, kuma tushen sukar kansa yana da rauni, domin ya ginu ne a kan zaton cewa baƙin ciki kaɗai ke da zurfi, farin ciki kuwa holoƙo ne. Waƙar da faifan ya ci sunanta, mai tsawon fiye da minti 13, labarin gwarzo ne da aka ɗora wa nauyin jefa mabuɗai cikin tekunan ƙiyayya da tsoro da haɗama da jahilci, wanda kuwa ya tashi da tatsuniya a kunnensa ya san cewa dodo ba a kawo shi domin kansa, sai domin a nuna wa ɗan Adam halinsa. Haka nan waƙar I Want Out, wadda Hansen ya rubuta, babu ko takobi ɗaya a cikinta; kukan mutum ne da ya gaji da masu tsara masa yadda zai rayu.

Hansen ya bar ƙungiyar a 1989 ya kafa Gamma Ray, amma hanyar da aka share ta ci gaba da samun mabiya, irin su Blind Guardian a Jamus, da Stratovarius a Finland, da HammerFall a Suwidin. Da Hansen da Kiske, wanda shi ma ya bar ƙungiyar daga baya, suka dawo Helloween, aka fara rangadin haɗuwa daga Meziko a 2017, sai dai babu Schwichtenberg, wanda ya rasu a 1995. A dandalin rangadin an riƙa haska bidiyonsa a babban allo yana kiɗa, makaɗin da ke riƙe da gangunan a yanzu, Dani Löble, yana amsa masa bugu bayan bugu.