NOMA BA ƘASA: ƊANYAR CIYAWA A CIKIN KWANA TAKWAS



Kwanan baya, a wani ajin yaƙi da jahilci a nan Dakoro, wani saurayi ya yi mana tambaya. Ya ce ya ji labari wai a Turai da Amurka akwai masu noman tabar wiwi a cikin ɗaki, babu gona, babu ƙasa. Ya ce shin gaskiya ne? Muka ce masa gaskiya ne. Amma tambayar tasa ta haɗa abu biyu: dabarar noman, da abin da aka noma. Wuƙar da ake yanka nama da ita, da ita ake yanka hannu.

Maganar wiwi

Wiwi ba ta da gurbi a gonarmu, ba ta da gurbi a ɗakinmu. Dokar ƙasarmu ta 1999 ta hana noma ta da sayar da ita da shan ta. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani sito a Yamai. Ƙasar Kanada ta halatta ta a 2018, amma dokar Kanada ba ta aiki a Nijar. Likitoci kuma sun tabbatar cewa tana rage wa matashi ƙarfin riƙe karatu, tana iya tayar da ciwon hauka, musamman ga wanda ya soma sha tun yana yaro.

Ita dabarar noman kuwa, ba ta da laifi. Tana ma iya taimakonmu a wurin da ya fi yi mana ciwo, wato abincin dabbobi.

Yadda tsiro ke rayuwa ba ƙasa

Ƙwayar hatsi tana ɗauke da guzurinta. Idan ta sami ruwa da iska da ɗan haske, sai ta tsira, ta yi kwanaki tana ci daga wannan guzuri. Duk wanda ya ga hatsi ya tsira a cikin jiƙaƙƙen buhu ya san haka.

A sansanonin ƴan gudun hijira da ke kusa da Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, ana amfani da wannan sani. Hukumar Abinci ta Duniya, wadda muke kira PAM, ta taimaka wa mutanen wurin suna tsirar da sha'ir a cikin farantai don awakinsu.

Mu ma mun san wannan buƙata. Daga Kornaka zuwa kwarin Tarka har Bermo, idan bazara ta yi nisa, daji yakan ƙone ƙurmus. Dattawanmu ba su manta da 1973 da 1984 ba. Mu kuma mun ga dabbobin da suka faɗi a 2010.

Yadda ake yi

Na ɗaya, a sami masara ko alkama mai kyau. A wanke ta sarai, a zubar da wadda ta taso saman ruwa.

Na biyu, a jiƙa ta dare guda. Da safe a tsiyaye ruwan, a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu kwana ɗaya ko biyu, har ta fasa baki.

Na uku, a baza ta a faranti mai huji a ƙasa. Kada kaurinta ya wuce gaɓar yatsa ɗaya.

Na huɗu, a aza farantan bisa katako a ɗaki ko rumfa mai inuwa da iska. A karkata su kaɗan don ruwa ya fita.

Na biyar, a yayyafa ruwa mai tsabta sau uku ko huɗu a yini. Ruwan da ya tsiyaye a tare shi a zuba wa itatuwa.

Bayan kwana 7 ko 8, tsiron zai kai wajen taƙi ɗaya. Sai a ɗago shi kamar tabarma, a yayyanka, a ba dabba da ganye da saiwa duka. Wanda ke jiƙa faranti ɗaya kowace rana zai riƙa yankan ɗaya kowace rana.

Hattara da abu uku

Kada a yi da dawa. Ƙaramin tsiron dawa yana da guba mai kashe dabba, kamar yadda makiyaya suka sani game da gyauron dawa.

Kada a yi da irin shuka wanda aka zuba wa maganin ƙwari.

Kada a ba dabba tsiron da ya yi funfuna ko ya yi wari. Zafi da ruwan da ya kwanta su ne ke kawo funfuna, shi ya sa aikin ya fi sauƙi a lokacin ɗari. A wanke farantai da sabulu, a shanya su a rana kafin a sake zuba wata ƙwaya.

Mu yi lissafi

Kilo 1 na ƙwaya yakan ba da kilo 5 zuwa 7 na ɗanyar ciyawa. Kada wannan ya ruɗe mu. Yawancin nauyin nan ruwa ne. Abincin da ke cikin ƙwayar bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu. Abin da aka samu shi ne ɗanyen ganye mai laushi, a lokacin da babu kore ko ɗaya a daji.

Saboda haka wannan ciyawa ba ta ɗaukar garke. Ba ta maye gurbin harawa da kara da dusa. Ta fi dacewa da jar akuya mai shayarwa, da ƴan raguna, da dabbar da ta rame. A soma ba su kaɗan kaɗan har cikinsu ya saba. Idan rumbu bai cika ba, kada a taɓa cimakar iyali. Yara su ne gaba.

Shawararmu ita ce kowa ya gwada da faranti ɗaya tak. Ya rubuta a littafinsa nauyin ƙwayar da ya jiƙa, da kuɗinta, da nonon da akuyarsa ta ba shi. Bayan wata guda ya kawo lissafin aji mu duba tare, mu nuna wa likitan dabbobi. Saurayin nan mai tambaya shi muka ɗora wa farantin farko.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.