Hoton Zafi da Gano Yoyon Tankuna: Abin da Yanayin Zariya Yake Bayarwa

Tankin da ya fashe ba ya buƙatar bincike, domin kowa zai gan shi. Wanda yake cin dukiya a ɓoye shi ne mai tsiyaya a hankali ta gaɓar walda, ko ta inda tsatsa ta ci, ruwan yana bin bayan rufi ko yana nutsewa ƙasa ba tare da ya taru ba. Yoyon lita 1 a minti guda yana zama lita 1,440 a kwana, wato sama da jarka 57 masu cin lita 25. Mazaunin birnin Zariya da yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya san nauyin wannan lissafi. An ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana a shekarar 2017, amma ruwan da aka tace sai ya ratsa tankuna da bututu kafin ya isa Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, kuma kowace gaɓa a wannan hanya tana iya zama wurin asara.

Ɗaya daga cikin hanyoyin gano irin wannan yoyo ba tare da an kwashe abin da ke cikin tanki ba ita ce ɗaukar hoton zafi. Tushenta binciken William Herschel ne na shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launuka, ya tarar ma'aunin zafi yana ƙara hawa a gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira infirared, kuma kowane abu yana fitar da shi gwargwadon ɗuminsa. Yawancin kyamarorin da masana'antu suke amfani da su suna karɓar zangon da ke tsakanin maikiromita 8 da 14, su mayar da shi launuka a fuskar allo. Mai kyau daga cikinsu tana rarrabe bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba.

Sai dai akwai kuskuren fahimta da ya kamata a kawar tun da wuri. Kyamarar ba ta ganin cikin ƙarfe, ba ta kuma ganin hujin kansa. Fatar abu kawai take karantawa. Abin da take nunawa shi ne sawun da ruwa ya bari a zafin wannan fata, kuma ta hanya biyu yake barinsa.

Ta farko sananniya ce ga duk gidan da aka ajiye randa. Ruwan randa yana sanyi ne saboda nason da yake fitowa ta jikin yumɓu yana bushewa, bushewar kuma tana janye zafi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Haka nason da ke jikin tankin kankare yake bayyana a hoto a matsayin tabo mai sanyi, sau da yawa tun kafin ido ya ga jiƙa. Ta biyu ita ce jinkirin ruwa wajen ɗaukar zafi da sakinsa. Kilo guda na ruwa yana buƙatar zafin da ya ninka na kilo guda na ƙarfe kusan sau 9 kafin ya hau digiri ɗaya. Saboda haka ƙasar da ta jiƙa a gindin tanki takan fi busasshiya sanyi da rana, ta kuma fi ta ɗumi a ƙarshen dare. Wannan dalili ne ma yake sa a ga layin da ruwa ko mai ya tsaya a jikin tanki daga waje, a wasu lokuta har da tudun lakar da ta kwanta a ƙasansa.

Daga nan ake gane cewa lokacin ɗaukar hoto ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Tunda ƙasa mai jiƙa tana komawa daga mafi sanyi zuwa mafi ɗumi, dole akwai lokaci biyu a kowace rana, bayan hudowar rana da wajen faɗuwarta, da zafin ɓangarorin biyu yake daidaita, hoton ya fito fes kamar babu matsala. Wanda ya yi bincike a wannan lokaci zai rubuta rahoton lafiya a kan tanki mai yoyo. Tsakar rana ma tana da nata ruɗin, domin gefen da rana take duka yakan rufe duk wani ƙaramin bambanci. Bayan isha zuwa kafin asuba shi ne lokacin da aka fi dogara da shi.

A nan yanayin Zariya ya yi wa mai bincike gata. A hunturu, musamman Disamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, tazarar zafin rana da sanyin dare ta yi faɗi, ƙasa kuma ta yi watanni ba ta ga ruwan sama ba. Duk danshin da aka gani a gindin tanki a irin wannan lokaci yana da mafari da ya kamata a bi. A Agusta kuwa, da ko'ina yake jiƙe, hoton ba ya faɗin abin kirki. Hukumar da take tsara aikin duba tankunanta ba tare da kallon kalandar damina da rani ba tana ɓarnar kuɗinta ne. Abin lura guda shi ne iska mai ƙarfi, wadda takan share bambancin zafi daga jikin ƙarfe, don haka daren da iska ta kwanta ake nema.

Wani tarkon kuma shi ne ƙyalli. Ƙarfe mai sheƙi, kamar alminiyon da ake lulluɓe tankunan masana'antu da shi, ba ya fitar da infirared sosai. Madubi yake zama, ya nuna sanyin sararin sama ko ɗumin jikin mai riƙe da kyamarar. Fenti da kankare da tsatsa sun fi faɗin gaskiya. Masu aikin sukan manna baƙin tef ɗin lantarki a jikin ƙarfen su auna a kansa, ko su sauya wurin tsayuwa: tabon da ya bi mutum inuwa ce, wanda ya tsaya a wurinsa shi ne abin zargi.

Iskar gas tana da nata kyamarar dabam, wadda aka tace ta a zangon maikiromita 3.2 zuwa 3.4, inda iskar girki da tururin fetur suke shanye haske, su fito kamar hayaƙi. Ita ce ta dace da wurare irin matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980, kuma farashinta ya yi wa ta farko nisa.

Akwai inda fasahar take gazawa, kuma a nan ne haɗarin ya fi kusa da tsohon birni. Yoyon da ke tsakiyar gindin babban tanki, ko na tankin fetur da aka binne a gidan mai, ba ya isowa saman ƙasa da sawun zafi sai ya yi nisa. A unguwannin da har yanzu ake sha daga rijiya, kuma katangun ƙasa suke zaune kafaɗa da kafaɗa, jiran wannan alama ganganci ne. Irin waɗannan tankuna gwajin matsin iska suke buƙata, da lissafin abin da aka zuba da abin da aka sayar a kullum, da auna kaurin ƙarfe ta hanyar sauti idan an sami damar kwashe su.