KWANA UKU A BAKIN TEKU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka in mai da jawabi ga abokan aikina. Tun da na komo daga hutun shekara sun hana ni sakat. Wai na kwashe tattalin wata goma sha ɗaya na kai wa masu otel domin in kwanta in dubi ruwa, alhali ga kogin Kaduna a bayan gidana kyauta. To, ga labarin yadda ya ke, masu karatu su yi mana shari'a.

A watan Nuwamba na 2024 na tashi da mota, na bi ta Ikko, da Kwatano, da Lome, har Ankara, babban birnin Gana, ƙasar da iyayenmu su ke kira Gwalkwas. Kan iyaka uku ke nan, ko wace sai an dubi fasfo da katin allurar shawara. Daga Ankara aka nufi yamma kamar mil 90 zuwa Kef Kos, sa'an nan mil 8 zuwa Elmina, garin masunta na Fanti, wanda su da bakinsu su ke ce wa Edina. Na sauka ran Lahadi da maraice a wani otel da ke bayan gari, a gindin itatuwan kwakwa.

Na hangi teku ta tagar mota tun a Lome, amma hange dabam, maƙwabtaka dabam. Daga barandar ɗakina zuwa inda igiyar ruwa ke faɗuwa bai fi taku hamsin ba. Jama'a, daren farko ban runtsa ba. Ƙarar ruwan kamar jirgin ƙasa ne mai kaya wanda ya ke ta wucewa bai gama wucewa ba, sai in zabura in ce yanzu zai shigo ɗaki. Iskar kuwa da danshi da gishiri ta ke tafe. Na wanke taguwa na shanya, kwana biyu ba ta bushe sosai ba. Ko wane ƙarfe a otel ɗin, daga sakata har fanka, tsatsa ta ci shi, kuma ba sakacin ma'aikata ba ne, don na ga suna ta shafa fenti.

A makarantar Mishan malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa wata ne ke jan ruwan teku, ya cika ya janye sau biyu a kwana guda. Na haddace, na ci jarrabawa, amma a zuciyata na ɗauka tatsuniyar Turawa ce. Saboda haka ran Litinin da safe na kafa sanda a yashi, na zauna da agogo a hannu kamar mai tsaron jarrabawa. Ruwa ya hau har ya taɓa sandar, ya tsaya, ya koma. Kashegari ya sake, amma ya makara da kusan minti 50, daidai yadda wata ke makarar fitowa ko wane dare. Allah ya jiƙan malamin nan, na zalunce shi shekara ashirin.

Abinci kuwa, wanda bai iya cin kifi ba kada ya taso. Akwai dokunu, watau tuwon masara mai tsami da a ke naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, da barkono mai sa hawaye. An kawo mini ƙaguwa a faranti da ƙafafunta duka, na dube ta, ta dube ni, na ce a mai da ita.

Yanzu ga abin da ya sa na fi son a buga takardan nan. Ran Litinin da la'asar na ga Turawa na wanka, na ce ni ma ɗan bakin kogi ne, na iya iyo tun ina yaro. Na zaɓi wani wuri inda ruwan ya kwanta lumui, babu kumfa, na shiga har ƙugu. Ban ankara ba sai na ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya ɗauke ni ya nufi ciki da ni. Na yi ta bugu ina neman gaɓa, ita kuwa tana ƙara nisa. Wasu samari biyu masunta ne suka faɗa suka jawo ni, bayan na sha gishiri ya ishe ni. Maigadin otel ɗin, wani dattijo ɗan zango mai jin Hausa sarai, ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, wa ya aike ka? Wannan ba kogin garinku ba ne." Na ce, "Baba, ai wurin da ya fi kwanciya na zaɓa." Ya ce nan ne ma ajali ya ke. Ya bayyana mini cewa ruwan da igiya ta turo gaɓa tilas ya nemi hanyar komawa, sai ya taru ya yi kamar gulbi a cikin teku mai gudu zuwa tsakiya, samansa kuwa shiru. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya yi iyo ta gefe, a kan layin gaɓa, har ya fita daga gulbin, kana ya juyo. Laifin masu otel ɗin a wurina ɗaya ne, ba su kafa ko allo guda na gargaɗi ba, ga shi kuwa baƙi su ke sauka.

Ran Talata masuntan Fanti ba su fita teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Na shiga gari na tarar da kwalekwale jere a bakin tafkin Benya, ko wane da tutarsa da rubutu a jikinsa, mutane na zaune suna ɗinkin taru. Daura da su ga wani ƙaton soron dutse fari fat, da igwa a kan ganuwarsa, wanda tun ran da na zo na ke hangensa daga baranda ina sha'awar kyaunsa. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 domin cinikin zinariya. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, sa'an nan ya koma hannun Ingilishi a 1872, waɗanda suka tsare Sarkin Asante Prempeh a ciki a 1896. Amma abin da ya fi shahara da shi bayi ne. An shiga da mu ɗakunan ƙasa inda a ke cusa mutane makonni suna jiran jirgi, duhu, ba iska, da wata 'yar ƙofa wadda mutum ɗaya ke fita a karkace zuwa teku, ba komowa. A saman bene kuwa ga ɗakin sujada na masu gidan. Ni da na yi makarantar Mishan wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da dare a wurin cin abinci na otel aka haɗa ni tebur da wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka. Irinsu sun ƙara yawa a wannan gaɓa tun 2019, shekarar da Gwamnatin Gana ta kira jikokin bayi su zo ganin gida. Ta ce ita ma tattali ta yi kafin ta zo. Ta tambaye ni garinmu, na gaya mata. Sai ta ajiye cokali ta ce, "Ɗana, mutanenku waɗanda aka sayar ne, ko masu sayarwa?" Na so in ce Turawa ne suka yi duka, amma na san tarihi bai ce haka ba. Asante sun riƙa karɓar bayi gandu daga Gwanja da Dagomba suna gangarowa da su bakin teku. Kasuwar Salaga kuwa, inda kakanninmu fatake ke zuwa sayen goro, ba kanwa da tufafi da dabbobi kaɗai su ke kaiwa ba, har da mutane. Na ce mata, "Iya, duka biyu." Ta yi shiru, can ta ce gara da na faɗa mata haka, sa'an nan ta miƙo mini barkono. Malamanmu masu littattafan tarihi, ina roƙo su rubuto mana abin da su za su amsa mata.

Ran Laraba da safe aka kawo lissafi, sai na ga ya zarce abin da aka faɗa mini. Ashe haraji iri iri ne a kai, har da na yawon buɗe ido, ga kuma kuɗin ko wace kwalbar ruwa da na sha ina tsammani kyauta ce. Ni akawu, mai duba lissafin wasu, aka yi mini haka! Duk mai zuwa ya tambaya tun a bakin ƙofa ko kuɗin ɗaki ya haɗa da haraji da karin kumallo, a rubuta masa.

Game da ƙarar da abokaina suka kawo, na yarda da rabi. Kwana uku a irin wannan wuri ya fi ƙarfin albashin akawu. In da zan sake, kwana ɗaya zan yi a bakin ruwan domin in ji shi da dare, sauran in sauka wurin 'yan'uwa a zangon Kef Kos in riƙa zuwa da rana. Amma zancen cewa duk ɗaya ne da kogin Kaduna, wannan ban yarda ba. Babban masinjan ofishinmu ya rantse ba zai yiwu ruwa mai yawa haka ya zama da gishiri duka ba, wa zai zuba? Na zo masa da kwalba guda cike, tana nan a kan teburina har yau ya ƙi ɗanɗanawa. Wanda ke so ya zo, daga ƙarfe takwas zuwa tashi.

Haza wassalam.

Naka,
Wani Akawu,
Kaduna.